Shekara tara a Kwatano da zuciyar ɗan cin rani

Ƙannena da kuke ta aiko mini da saƙo kuna tambayar hanyar Kwatano ta ƙasar Benin, hanya ba ita ce abin tambaya ba. Mu a zamaninmu Kamba muke bi, mu faɗa Gaya ta Nijar, mu haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil, daga nan sai kudu sak, Kandi, Faraku, har mutum ya fara jin ƙarnin teku. Kowane direban babbar mota zai nuna maka. Abin da ba wanda ya nuna mini shi ne yadda ake zama idan an isa, kuma shi ne ya ci mini shekara tara.

Na bar Jega a 2013 ina da shekara 24, a saman motar albasar maigidana da aka yi wa lodi a Aliero. Da zan fita na ce wa mahaifiyata, "Inna, kafin ruwa ya sauka ina gida." Da gaske nake. Haka na ga iyayenmu suna yi, a gama girbi a tafi cin rani, a dawo da shuka. Matsalar ita ce damina ta zo ban dawo ba, amma zuciyata ta ci gaba da zama ta mai tafiya gobe. Wanda zai tafi gobe ba ya sayen katifa, ba ya koyon yaren gari, ba ya neman takarda. Kowace shekara ina cewa bana ce ta ƙarshe.

Albasa ce ta fara koya mini cewa ƙasar ba tamu ba ce. A Aliero za ka ajiye albasa a rumbu wata da watanni, iskar rani tana ratsa ta, ka jira kuɗi ya tashi. Da na sami ɗan jari na kaina sai na yi wannan lissafin a Dantokpa, babbar kasuwar Kwatano. Na riƙe buhu 40 ina jiran farashi. Ba a yi kwana goma ba na shiga shagon da safe na ji wani wari mai tsami. Na zura hannu tsakiyar buhu, yatsuna suka nutse kamar cikin kunu, na fito da hannu yana ɗigar ruwa baƙi. Ta sama lafiya lau, jajir da ita, ta ciki kuwa ta gama. Wani dattijo ɗan Argungu da ya fi shekara talatin a garin ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, wanga gari ba a aje albasa. In ta sauka, ka sai da ta." Iskar bakin teku jiƙe take dare da rana. Ita ce ke sa riga ta yi funfuna a cikin akwati, ita ce ke sa tsatsa ta ci kwanon rufi da ƙafar babur, saboda gishirin da ke cikinta. Duk sana'ar da za ka je da ita, ka tambayi na gabanka yadda laima ke yi mata kafin ka zuba kuɗi.

Haka na kama ɗaki a watan Janairu, ƙasa busasshiya, haya da arha, ina murna. Kwatano tana kwance ne a kan yashi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, kuma damina biyu suke yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. A watan Yuni ruwa ya shigo mini har ƙauri. In za ka kama ɗaki, ka dubi gindin bango, ruwan bara yana barin zane. Ka sayi gidan sauro tun ranar farko, domin sauron can ba ya jiran damina kamar namu.

Amma asarar da ta fi yi mini ciwo ta harshe ce. A unguwar Zongo Hausa ta ishe ka. Ga masallaci, ga mahauta namu, ga mai shayi, ga mai tuwo, ka kwana ka tashi kamar kana Birnin Kebbi. Wannan daɗin ne ya ruɗe ni. Masu sayen albasa kuwa mata ne 'yan gari, Fon suke yi da Faransanci, kuma su ne ke riƙe da kasuwar. Shekara huɗu ina ciniki ta bakin wani, shi ke faɗa musu kuɗina, shi ke faɗa mini nasu. Ranar da na gane cewa akwai abin da ke maƙalewa a tsakani kan kowane buhu, ban ma iya yi masa faɗa a gaban mutane ba, domin ba ni da bakin da zan kira shaida. Bashin da na bayar kuma babu rubutu, da baki ne kawai, bakin ma ba nawa ba.

Bayan nan na ƙuduri niyya. Na fara da ƙirga a Faransanci, sannan gaisuwa. Safiyar da na ce wa wata tsohuwar abokiyar cinikina "A fon ganji a?", wato kin tashi lafiya, sai ta ajiye kwandonta ta tafa hannu ta kira maƙwabtanta su zo su ji. Shekara huɗu tana sayen kayana, ranar ce ta fara tambayar sunana. Ita ce daga baya take gaya mini wadda ke biyan bashi da wadda ba ta biya. Wata shida kawai ya ɗauke ni na iya ciniki da kaina. Wata shida, bayan na zubar da shekara huɗu.

Maganar takarda gajeriya ce. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ƙasa ba biza har kwana 90, ba ta ce ka zauna shekaru haka nan ba. Ka tafi da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar shawara, in ka isa ka yi rajista a ofishin jakadancin Najeriya, ka nemi takardar zama. Ni ban yi ba sai can baya, kuma abin da na kashe a hanya saboda rashinsu ya ninka kuɗin yin su.

Sai kuɗi. Duk abin da na samu, a ranar nake canza shi zuwa naira in aika gida a ajiye mini, saboda ai gobe zan koma. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Lokacin da na je, jikka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Ba na ce kada ka aika wa iyaye ba, wannan wajibi ne. Amma jarin da kake juyawa a can, ka bar shi a kuɗin can, abin da ka aika gida kuma ya zama gona ko dabba ko buhunan hatsi, kada ya kwanta. Da aka rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a watan Agusta 2019, kaya suka daina zuwa yadda aka saba, sai na tsinci kaina ba jari a hannu. Waɗanda suka riƙe sefa suka koma sayen albasar Malanbil da ta Nijar, ni kuwa na koma yi wa wasu dako. Iyakar Kamba ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu 2022.

Teku kuma, don Allah ku ji tsoronta. Ni a gulbin Zamfara na koyi iyo, a nan Jega, ina ganin ba ruwan da zai ba ni tsoro. Wata Lahadi muka je bakin ruwa a Fijirose, na shiga har ƙirji. Gulbi gefe ɗaya yake tafiya, ka san inda zai kai ka. Teku kuwa ta buge ka ta gaba, ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta baya. Kafin in ankara mutane sun zama ƙanana a idona, ina iyo zuwa gaɓa ina ƙara nisa. Masunta biyu ne suka fito da ni, waɗanda ko na gode ban iya ce musu da yarensu ba a lokacin. In ka ga 'yan gari ba sa shiga wuri, kada ka shiga.

Na bar maganar iyali a ƙarshe domin ita ce ba ta gyaruwa da kuɗi. Na yi aure a 2015, na bar matata a gidanmu, tunda ai na kusa dawowa. Sau biyu nake zuwa a shekara, da Sallah ƙarama da babba, wata shekarar sau ɗaya. Abokaina da suka yarda cewa zama suke yi sun kai iyalinsu, yara suna Islamiyya a Zongo da yamma, da safe suna boko, yau suna jin Hausa da Faransanci. Waɗanda suka yarda cewa cin rani suke yi kuma suna dawowa da ruwan farko, gonarsu ba ta taɓa kwana ba. Dukansu sun fi ni. Ka zauna da mahaifinka da matarka kafin ka hau mota, ku yanke: wata nawa ne, ko shekara nawa. In wa'adin ya cika ba ka dawo ba, to ka san zama kake yi, ka kama ɗakin kirki, ka zo ka ɗauki iyalinka.

Na dawo gida gaba ɗaya a ƙarshen 2022. Da na yi sallama a zaure, ɗana na fari, yana da shekara shida, ya fito ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya juya ya shiga ciki yana cewa, "Inna, an yi baƙo."