Daren da Muka Bi Mai Fitila Cikin Makabartar Liverpool

Kwana huɗu ke nan da dawowata Kano, amma har yanzu in na rufe ido ina ganin fitilar mutumin nan tana lilo a gabanmu, muna gangarawa wani rami mai cike da kaburbura. Duk wanda ya zo yi mini barka da dawowa tambayarsa ɗaya ce: "Ka je Anfield?" Wato filin ƙwallon ƙungiyar Liverpool. Na je, na tsaya a waje an ɗauke ni hoto. Abin da ya zauna mini a rai daban ne.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Manchester shi ya shirya tafiyar. Mun hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool da hantsi, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma a ciki na gamu da mutumin da ya fi kowa ɓata mini rai a Ingila. Mai duba tikiti ya kalli wayar yaron ya ce tikitinmu na wani jirgi ne daban. To, kuskure ne, mun yarda. Sai ya juyo kaina, ya kalli hulata, ya shiga ɗaga murya yana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai magana da kurma, duk mutanen taragon suna ji. Na girme shi nesa ba kusa ba. A tashar mota ta gida ko ɗan kamasho zai ce "Baba, yi haƙuri" kafin ya karɓi kuɗinka. Muka biya ƙari, yaron yana ta cewa, "Kawu, ƙyale shi."

Sanyin bakin teku ya fi na Manchester cizo, don haka muka shiga wani shagon gwanjo, irin waɗanda ake sayar da kaya a tara kuɗin sadaka. Na sami kwat mai kauri, ko zare bai fita ba, a kan fam 8. Na buɗe baki zan taya, yaron ya taɓa ni: a nan ba a ciniki. Ko ba tayi na ci riba, domin kofin shayi ɗaya da muka sha bayan nan ya haura fam 3, kuɗin da zai ishe ni shayi da burodi da ƙwai na kwana uku a wurin mai shayin unguwarmu.

Yawon fatalwa kuwa, wato zagayen dare da ake bin mai jagora yana ba da labaran ban tsoro, fam 18 kowane mutum. Da yaron ya faɗa mini, na ce a kan me zan biya kuɗi a tsorata ni? Ya ce, "Kawu, tarihi ne, da wasa suke haɗa shi." Ƙarfe bakwai muka hallara a titin Hope, mu kusan ashirin. A watan Nuwamba magariba tana yi tun ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, saboda haka dare ya riga ya yi sosai. Titin kansa abin kallo ne: babbar coci a wannan ƙarshe, babbar coci a wancan, ɗaya ta Katolika ɗaya ta Angilika. Sai ga mai jagoranmu ya ɓullo daga lungu, da doguwar baƙar hula, da alkyabba har ƙasa, ya shafe fuska da farar hoda, ya zagaye idanu da baƙi, riƙe da fitilar ƙwai. Nan take tashe ya faɗo mini a rai, yadda samari ke shiga irin ta tsoho ko ta dodo da azumi su bi gida gida. Bambancin kawai, wannan sana'arsa ce, kuma ya iya ta. Ya san inda zai yi raɗa har sai kowa ya matso, ya san inda zai buga tsawa. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta riƙe hannun mijinta tun daga farko har ƙarshe.

Labarin farko ba almara ba ne, shi ya sa ya fi tayar mini da tsigar jiki. A shekarar 1826, ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka ji wari yana tashi daga wasu ganguna uku da za a kai Scotland. Da aka fasa, gawarwaki 11 ne a cuɗe da gishiri. Aka bi sawu har wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a wannan titi da muke tsaye, aka tarar da wasu 22. An tono su ne daga makabartar talakawa domin a sayar wa makarantun likitanci na Edinburgh, inda ɗalibai ke buƙatar gawa don koyon fiɗa. Sai a 1832 aka yi dokar da ta karya wannan kasuwa. Na tuna yadda a gida ake tara kuɗi a katange makabarta a sa mai gadi saboda matsafa masu tonon kabari. Su ilimi suka fake da shi, namu tsafi, amma kabarin talaka aka fi tonewa a can da nan.

Daga nan muka gangara titin Rodney, titin manyan gidajen jan bulo na masu kuɗin da. A harabar wata tsohuwar coci, wadda yanzu ta zama masaukin ɗalibai, akwai kabari mai siffar dala, kamar ƙaramar dalar gyaɗa da aka sassaƙa da dutse, tsayinta ya kai mutum biyu da rabi. Na William Mackenzie ne, ɗan kwangilar shimfiɗa layin dogo da ya rasu a 1851. Mai fitila ya leƙa ta tsakanin ƙarafan shinge ya ce mutumin ɗan caca ne, ya yi karta da Shaiɗan ya saka ransa, aka cinye shi, da sharaɗin za a karɓi ran ranar da aka binne shi cikin ƙasa. Wai shi ya sa ya yi wasiyya a zaunar da shi kan kujera a cikin dalar, da karta a hannu, kada ƙasa ta taɓa shi. Mutane suka yi ta shewa. Can ya sassauta murya ya ce gaskiyar magana, ɗan'uwansa ne ya gina dalar a 1868, shekara 17 bayan an binne shi a ƙasa kamar kowa. Na ji daɗin wannan gaskiya da ya faɗa. Ban ji daɗin cewa bawan Allah ya yi shekara fiye da 170 a kabari ana jingina masa caca da Shaiɗan kowane dare ba. A wurinmu ana cewa a faɗi alherin mamaci ko a yi shiru.

A gida mai lamba 62 ya tsaya kaɗan ya ce a nan aka haifi William Gladstone a 1809, wanda ya yi firaministan Birtaniya har sau huɗu. Muka wuce. Yaron ne ya raɗa mini cewa mahaifinsa, John Gladstone, yana da gonakin rake a Demerara, cikin ƙasar Guyana ta yau, da Jamaika, kuma da aka 'yanta bayi gwamnati ta biya shi diyya fiye da fam dubu 100 a kan bayi sama da 2,500. Su bayin ko anini ba a ba su ba. Tun daga nan hankalina ya rabu biyu.

Ƙarshen yawon a makabartar St James ne, a gindin cocin Angilika, wadda ta fi kowace coci girma a Birtaniya. Tsohon wurin fasa dutse ne aka mayar makabarta a 1829, aka binne mutum sama da 57,000 kafin a rufe ta a 1936. Ana shiga ta wata 'yar hanya da aka huda cikin dutse, an jingina allunan kaburbura a bango hagu da dama. Da mai fitila ya ɗaga hannu haske ya faɗa kan wani allo, na ga jerin sunayen yara marayu, kowane da shekarunsa a gefe, wasu ba su kai goma ba. Wani a bayana yana kwaikwayon kukan fatalwa, abokansa suna dariya. Ni kuwa ƙafata ta yi nauyi. An rene mu a kan cewa makabarta wurin sassauta murya ne da tuna makoma, ko takalmi wasu ke cirewa. Ban taɓa jin dariya a tsakanin kaburbura ba sai daren nan, kuma har yanzu ba ta kwanta mini ba.

Amma a cikin ramin ne ya ba da labari biyu da na fi so. Ya nuna mana hubbaren William Huskisson, ɗan majalisar Liverpool da jirgin ƙasa mai suna Rocket ya take wa ƙafa ranar 15 ga Satumba 1830, ranar bikin buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester, ya cika a daren. Layin da muka biyo da safe ke nan. Sai kabarin Kitty Wilkinson, 'yar Ireland, matalauciya. Da annobar kwalara ta 1832 ta auko, ita ke da tukunyar dafa ruwa a layinsu, ta buɗe wa maƙwabta su riƙa wanke shimfiɗun marasa lafiya. Daga aikinta ne garin ya buɗe gidan wanka da wanki na jama'a a 1842. A kanta mai fitila bai yi tsawa ba, bai yi wasa ba, ya cire hularsa.

Da aka watse na same shi yana shan ruwa, na tambaye shi me ya sa bai ce komai a kan cinikin bayi ba, alhali da shi garin ya yi ƙiba. Ya ajiye muryar wasa ya amsa da tasa ta gaskiya, a tausashe. Ya ce mutane suna zuwa ne neman tsoron da za su yi wa dariya su tafi gida, wannan kuwa ba abin da za a sa wa hoda da alkyabba ba ne. Ya ce in je gidan tarihin bauta da ke Albert Dock da safe. Na gamsu da rabin amsarsa.

Na je, a lokacin shiga kyauta ce. Jiragen Liverpool sun kwashi 'yan Afirka kusan miliyan ɗaya da rabi, da yawa daga Bonny da Kalaba. A 1781 ma'aikatan jirgin Zong, mallakar attajiran garin, suka jefa mutum fiye da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin suka nemi inshora ta biya su fam 30 a kan kowane kai. An yi shari'a a Landan a 1783, amma ta kuɗi ce, ba a tuhumi kowa da kisa ba. Na daɗe a tsaye gaban wasu sarƙoƙin ƙafa. Mu ma an sayar da mutane a Kasuwar Kurmi, kuma ban taɓa ganin allo a can da ya faɗi haka ba.

Juma'a muka yi a masallacin Abdullah Quilliam, lauyan garin da ya musulunta a 1887 ya buɗe masallacin a 1889. Shi ne ya wakilci Sarkin Musulmin Turkiyya a buɗe masallacin Shitta-Bey na Legas a 1894. Wani dattijo ɗan Yaman da ya ji daga Najeriya nake ya rantse sai mun bi shi gida. Shinkafa da naman rago, da shayi mai citta, ya kuma ƙulla mana dabino a leda.

Asabar muka tsallaka kogin Mersey a jirgin fito, iska ta kusa tafiya da hulata. Anfield da yamma. Lahadi Manchester, Litinin jirgin Abuja.