Kafin ka ɗage GRE, zauna ka ƙirga kwanaki

Ƙannena da ke gama digirin farko a Madina, Makka, Jidda da Riyad, masu neman gurbin digiri na biyu a Amurka ko Kanada, tambayarku kan GRE, jarrabawar da wasu jami'o'in can ke nema kafin ba da gurbi, kusan kullum ɗaya ce: "Yaya, saura kwana goma, ban shirya ba, in ɗage ko in shiga?" Ni kurakuran biyu duk na yi su. Na taɓa shiga ba shiri wai don in ga kamanninta, na kuma taɓa ɗagewa ba tare da na sauya komai a karatuna ba. Duka biyun faɗuwar gaba ce ta yanke mini hukunci, ban auna komai ba.

Awon bai da tsada. ETS, masu jarrabawar, suna da jarrabawar gwaji kyauta a shafinsu mai suna POWERPREP. Ka zauna mata a daidai sa'ar da za ka yi ta gaskiyar, ka kashe waya, ba shayi, ba ƙamus. Tun Satumba 2023 aka gajarta GRE zuwa kusan awa biyu, kuma babu hutu a tsakiya: insha'i ɗaya na minti 30, Turanci kashi biyu (tambaya 12 a minti 18, sai 15 a minti 23), lissafi ma kashi biyu (12 a minti 21, sai 15 a minti 26). Wanda ya tsayar da agogo ya leƙa ma'anar kalma, makin da ya gani ba nasa ba ne. Turanci da lissafi kowanne daga 130 zuwa 170 ake ba da maki. Ka ɗora naka kusa da wanda sashen da kake nema ke so. In ma suna so ke nan, don sassa da yawa sun daina neman GRE, kuma akwai masu biyan kuɗi ba su duba ba.

Tazarar maki kaɗai ba ta isa ba, sai ka san irin ciwon. Ɗauki kowace tambaya da ka faɗi ka rubuta dalili a gefenta. Ko dai ba ka san abin ba sam, ko ka sani lokaci ya ƙare maka, ko kuwa gaggawa ce, an tambayi kewayen da'ira ka ba da faɗinta. Idan gaggawa da lokaci suka fi yawa, kada ka ɗage, kwana goma na atisaye da agogo suna gyara wannan. Ka koyi tsallake tambaya mai cin lokaci ka dawo mata, kuma kada ka bar ko ɗaya fayau, tunda ba a cire maki don amsa ta kuskure. Ka kuma natsu a kashin farko, domin yadda ka yi a cikinsa shi ke zaɓa maka wahalar kashi na biyu, kuma wanda aka ba mai sauƙi makinsa ba ya yin sama sosai ko da ya cinye duka.

Idan rashin sani ne ya fi yawa, a nan ɗagewa take da amfani, amma ya danganta da ɓangaren. Lissafin GRE bai wuce na sakandare ba: kaso, aljebra, kusurwoyi, karanta jadawali. Wanda ya shekara huɗu a kuliyar Shari'a ko Lugga mantawa ya yi, kuma a ganina sati shida na awa biyu kullum suna dawo da mafi yawansa. Turancin ne mai taurin kai. Wanda ya yi karatunsa da Larabci ba zai haddace kalmomi dubu a sati biyu su zauna ba, balle saurin karanta dogon nassi. Wannan aikin watanni ne, ɗagewar sati biyu ba ta taɓa shi.

Sai kalanda, kuma daga baya ake ƙirgo ta. A ce sashen zai rufe karɓar takardu 1 ga Disamba. Sakamako na hukuma yana ɗaukar kwana 8 zuwa 10, don haka ka ɗauki 15 ga Nuwamba a matsayin ranar ƙarshe mai kwanciyar hankali. Ba a maimaita GRE sai bayan kwana 21, kuma sau biyar kawai cikin wata 12. Ke nan in kana son damar gyara, zaman farko kada ya wuce 25 ga Oktoba. Duk ɗagewar da ta tsallake wannan rana ta cinye maka zama na biyu. A irin wannan hali gara ka shiga da rabin shiri, saboda tsarin ScoreSelect yana barinka ka zaɓi sakamakon da za ka aika. Sai dai ka karanta sharuɗɗan sashen, wasu suna cewa a turo duka.

Kuɗin ma ba wasa ba ne ga mai rayuwa da mukafa'a, wato alawus ɗin wata da ake ba ɗalibi. Jarrabawar ta haura dala 200, wato sama da riyal 750. Canjin rana yana da nasa kuɗin, amma bai kai rabin wannan ba, kuma dole a yi shi aƙalla kwana huɗu kafin ranar: mai zama Asabar, Talata ce iyakarsa. Sokewa cikin wa'adin rabin kuɗi take dawo da shi. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, ko ya ƙi zuwa, ya yi asarar duka. Shi ya sa nake cewa ka yi gwajin saura kwana goma, ka yanke shawara saura bakwai.

In ka ɗage, kada ka zaɓi rana sai ka buɗe kalandar Hijira. Mu nan mun san goman ƙarshe na Ramadan ba lokacin aljebra ba ne, haka nan lokacin aikin Hajji ga masu hidimar alhazai, da makon jarrabawar ƙarshen zango, da hutun da ake tafiya gida. Ka tabbata akwai gurbi a cibiyar kafin ka saki tsohuwar ranarka, don wajen Oktoba da Nuwamba kujeru kan yi wuya. Sannan ka rubuta abin da zai bambanta: wane babi a wane sati, da gwaji na biyu saura kwana goma kuma.

Mai zuwa daga Madina zuwa Jidda ya kwana can, kada ya dogara da jirgin ƙasan Haramaini na safiyar ranar. Ka tafi da fasfo, kada ka ce iƙama, katin izinin zama, ta wadatar, ka duba bai ƙare ba, kuma sunan da ka yi rajista da shi ya zama harafi da harafi irin na cikinsa. Muhammad da Mohammed a wurin mai duba takardu mutum biyu ne.