Ɗakin bayan shago: yadda nake karɓar kuɗi in ja wa mutane wasan labari

Duk wanda ya tambaye ni sana'ata nakan ce masa ina da shagon fotokwafi, don ita ce amsar da ba ta jawo wata tambayar. Kuma ba ƙarya nayi ba, shagon na nan a Samaru, da rana muna buga wa ɗalibai furojet da takardun karatu. Amma daga bayan la'asar, kwana uku a sati, sai in koma ɗakin baya inda akwai dogon tebur ɗaya da kujeru shida, mutane su biya ni kuɗi in zauna a kan teburin in ja musu wasa.

Wasan kuwa irin Dungeons & Dragons ne, wanda wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar a 1974. Ni a lokacin kullen korona na 2020 na koye shi, ta manhajar hira ta Discord, da wasu mutane da har yau ban taɓa ganin fuskarsu ba. Yadda yake shi ne kowa na da jaruminsa a rubuce a takarda, ƙarfinsa kaza, wayonsa kaza, iya bakinsa kaza, ni kuma ni ne sauran duniyar gaba ɗaya, ni ne sarki, ni ne ɗan fashi, ni ne tsohuwar da ke sayar da fura a bakin hanya. Sai in ce ga inda kuke ga abin da ke gabanku, me zaku yi? Kowa ya faɗi nasa. In abin mai yiwuwa ne ya ci ko ya faɗi, sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska 20, a haɗa da lambar da ke takardarka, in ta kai abin da na yanka ka tsallake, in bata kai ba toh sai dai haƙuri. Turawa na kiran mai jan wasan da DM, wato Dungeon Master, yaran teburina kuma Madugu suke ce min kuma na fi son hakan. Dogon wasan da ake ɗaukar watanni ana yi kamfen ake ce masa, amma na daina faɗin kalmar a waje tun ranar da wani maƙwabci ya tambaye ni wace jam'iyya muke yi wa, sai na koma ce masa tafiya.

Tafiyar farko da na ja da kuɗi na sha kunya wallahi. Na zauna na cika littafi guda da labari, na tsara wa zai ci amana, wa zai mutu, har jawabin da mugun waziri zai yi a ƙarshe na haddace shi. A zama na biyu wata ɗaliba mai karatun likitan dabbobi ta ce ita ba yaƙar wazirin za ta yi ba, auren ƙanwarsa za ta nema wa yayanta su zama surukai. Ban shirya wa wannan ba, sai na fara toshe hanya, ƙofa ta kulle, mai gadi ya ƙi, dayis ma ta jefo 19 na ce bai isa ba. Ta kalle ni tace, Yaya in labarinka kake so ka karanta mana ai da ka faɗa mun zo da tabarma. Kafin wata ya ƙare mutum uku cikin biyar sun daina zuwa, kuma ba wanda ya yi min faɗa, kawai dai yau ciwon kai gobe lakca.

Tun daga nan na canja yadda nake shiri. Yanzu ba na rubuta abin da zai faru, mutane nake rubutawa da abin da kowannensu ke so da abin da yake tsoro, sai wurare biyu ko uku, shikenan, shafi ɗaya ya ishe ni zama na awa uku. Mai biyan kuɗin nan so yake ya ga abin da ya zaɓa ya bar tabo a duniyar, ko da wauta ce. In ya ƙona rumbun gari to sati uku masu zuwa hatsi zai yi tsada kuma za a nuna shi da yatsa a kasuwa, kaga murna a fuskarsa kamar an ba shi kyauta.

Tafiyar da muke kai yanzu ayarin fatake ne daga Kano zuwa Gwanja, su kai kanwa da rinannun tufafi da fatu su dawo da goro daga Salaga, a ƙasar Gana ta yau. Hanyar ta gaske ce, ta Yawuri a haye Kwara, a ratsa Borgu, a bi ta Yendi, har muƙaman ayari na da na bar musu, akwai jagaba akwai uban dawaki. Sai na zuba Dodo da Gizo da 'yan ruwa a ciki. Na lura dodon Turawa mai fesa wuta ba ya ba kowa tsoro a teburina, amma in na rage murya na ce a zangon nan kun ƙirga jakuna da safe kun ga sun ƙaru da ɗaya, sai ɗaki ya yi tsit.

Maganar caca ita ce ta kusa rufe min ɗakin. Mai gidan da nake haya ya ji ƙarar dayis da shewa, ya turo a kira ni. Na ce Baba dan Allah ka zo ka zauna ka gani da idonka. Ya zauna kusan rabin awa, ya ga ba kuɗi a tebur, ba mai ci ba wanda ake cinyewa, duk gefe ɗaya suke, ya ce wato tatsuniya ce da lissafi, na ce ranka ya daɗe ita ce. Sharaɗi ɗaya ya sa, a tashi in an kira magariba, wanda dama muna yi. A Amurka ma a shekarun 1980 an sha zargin wasan nan da koya wa yara tsafi, don haka ban ga laifin dattijo ba. Ni da kaina na cire duk wani abu na allolin ƙarya da ke cikin littattafan wasan, kuma ba na sayen 'yan mutum-mutumin da ake jerawa a taswira, marfin lemo muke sawa, jan marfi ɗan fashi, koren marfi namu. Arha ma ya fi.

Kuɗi kuwa ba wani mai yawa bane, kar wani ya saki aikinsa. Manyan littattafan dokoki guda uku ne kuma da dala ake sayensu, ni da ƙananan dokokin da kamfanin Wizards of the Coast mai wasan ya saki kyauta na fara, na buga su a injina na ɗinke. Dayis saiti ɗaya guda bakwai ne, ina yin odarsu da yawa don ɓacewa suke kamar biro, mai fuska 4 ɗin nan kuma in ka taka shi ba takalmi sai ka tuna da kakarka. Ribar gaske rabi daga kuɗin kujera take, rabi daga zoɓo da kunun aya da buga takardun jarumai masu kala.

Abin da ke kashe tafiya ba Dodo bane, rashin zuwa ne. Biki, suna, ta'aziyya, jarabawa, ko a tafi yajin aiki gari ya watse. Da ina karɓar kuɗi zama-zama, sai in shirya in sayo ƙanƙara mutum biyu su zo. Yanzu na wata ake biya gaba ɗaya, in mutum huɗu sun hallara ana wasa, wanda bai zo ba jaruminsa na gadin jakuna. Da azumi kuma rufewa nake kawai, na gwada bayan tarawi sau ɗaya kowa hamma yake.

Waccan ɗalibar ta dawo daga baya, ita ce jagaban ayarin yanzu. Ranar Asabar suna bakin Kwara, sarkin ruwa ya ce ba zai haye da su ba sai an bar masa mutum ɗaya jingina, kuma tun Talata suke rigima a gurup ɗin WhatsApp kan wa za a bari. Na ga ma an fara maganar a ba shi wanda bai biya kuɗin wata ba.