Yadda na rubuta wa ɗan yarenmu na furogiramin ƙa'ida

A wajen aikinmu muna da wani ɗan yaren furogiramin da muka ƙera da kanmu don lissafin kuɗi, irin su Haskell ne, wani sanannen yaren furogiramin, komai fankishin ne, ka ba shi abu ya maido maka da amsa, babu canja darajar komai a ɓoye, kuma ba ya lissafa abu sai an buƙace shi. An daɗe ana aiki da shi amma babu takarda ko ɗaya da ke bayyana ƙa'idojinsa, duk wanda ya tambaya wannan me yake yi sai a ce masa je ka gwada ka gani. Da oga ya gaji ya ce a rubuta, ni aka ɗora wa.

Rahoton Haskell 2010, wato takardar ƙa'idojin yaren Haskell, na fara ɗaukowa, wanda Simon Marlow ya tace. Su ma fa masu Haskell rashin ƙa'ida guda ne ya haɗa su tun 1987 a birnin Portland na Amurka, yaruka masu kama da juna sun yi yawa kowa da nasa, aka kafa kwamiti, sigar farko ta fito 1990. Dabarar da na ɗauka a wajensu ita ce ba sa yi wa kowane salon rubutu dogon bayani, sai su nuna yadda yake komawa wani ɗan ginshiƙi ƙarami na yaren, wato 'yan salon da sauran duka suka ginu a kansu, misali if kawai case ne a kan True da False, shi ke nan. Da na bi haka aikin ya ragu sosai, ginshiƙin kaɗai na zauna na yi wa bayani dalla-dalla.

Inda abun ya yi zafi shi ne da na ba wani abokin aikina takardar na ce ya rubuta sabuwar intafireta, wato manhajar da ke karanta kod ɗin yaren ta gudanar da shi, daga ita kawai, kar ya leƙa kod ɗinmu. Ranar da muka gwada su tare, -7 a raba da 2, tamu ta ce -4 tasa ta ce -3, kuma wallahi kowa yana da gaskiya don takardar cewa kawai ta yi a raba a jefar da saura. Haskell tuni ta raba gardamar, tana da fankishin biyu na rabawa, div yana gangarawa ƙasa ya ba da -4, quot yana nufar sifili ya ba da -3, haka mu ma muka yi. Sai kuma jerin da ke ɗauke da lissafi mai faɗuwa a ciki, tamu ta ƙirga tsawonsa lafiya lau tunda ba ta taɓa abin da ke ciki ba, tasa kuwa ta mutu nan take, dole na ƙara sashe guda a kan yaushe ake tilasta lissafi. Girman lamba ma haka, rahoton Haskell ya yi alkawarin Int, wato nau'in cikakkiyar lamba, zai kai daga -2^29 zuwa 2^29-1 ne kawai duk da GHC, babbar kwamfailar Haskell mai fassara kod zuwa yaren inji, yana ba da bit 64 a injinan yanzu, to mu kuɗin mutane muke lissafawa, na rubuta cewa lambarmu ba ta da iyaka.

Ƙa'idar Haskell ta jera layuka da tazara kam ban ɗauka ba, akwai inda take rufe alamar baka ta } da kanta idan an ci karo da kuskuren nahawu, a ganina wahala ce kawai.

Abun da ya fi ba ni tsoro shi ne takarda ta tsaya kwamfaila ta wuce. GHC 7.10 a 2015 ya sa Applicative ya zama sharaɗin Monad, wato wasu rukunan nau'i biyu na Haskell, rahoton 2010 bai san da haka ba, kwamitin Haskell 2020 da aka kafa a 2016 kuma bai fitar da sabon rahoto ba. Shi ya sa duk misalin da ke cikin takardarmu yanzu gwaji ne da ake gudanarwa a kan intafiretocin biyu, kuma ba a karɓar canji a yaren sai da gyaran takardar a tare. Samarin ofis suna ta ƙorafi wai yana ɓata musu lokaci, oga dai ya ce haka za a ci gaba.