Abin da Dodannin Tsofaffin Finafinai Suka Koya Mini a Sana'ar Kwalliya

Duk wanda ya shiga sana'ar yi wa 'yan fim kwalliya ya san fuskar nan: kai shafaffe daga sama, goshi ya turo, ƙarfe biyu a gefen wuya. Dodon fim ɗin Frankenstein ke nan, wanda kamfanin Universal na Amurka ya fitar a 1931. Sama da shekara casa'in ke nan, amma har wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba yana gane ta. Na daɗe ina son sanin dalili, domin a aikina babu abin da nake nema kamar fuskar da za ta zauna a ran mai kallo.

Jack Pierce ne ya yi wannan kwalliya a fuskar Boris Karloff, ɗan wasan da ya fito a matsayin dodon, kuma yawancin kayan aikinsa auduga ce da gam da fenti. Kullum sai ya shafe kusan awa huɗu yana ɗora audugar hawa-hawa har goshin ya tashi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wurin da ya bari bai rufe ba. Daga ido zuwa haɓa fatar Karloff ce, tana motsi yadda ya so. Sai aka ɗora wani abu mai kamar kaki a fatar idonsa don ta yi nauyi, shi kuma ya cire haƙoran sawa da ke gefen bakinsa, kuncin ya lotsa. Fentin ma kore ne mai toka-toka, saboda Pierce ya san a fim baƙi da fari zai fito fari fat irin na gawa. Daga nan na riƙe cewa kyamara da fitila ake yi wa kwalliya, shi ya sa ba na sallamar ɗan wasa sai na leƙa shi ta allon mai ɗaukar hoto.

Amfanin barin fuskar nan a buɗe yana fitowa ne a shigowar dodon ta farko. Da baya yake shigowa ta ƙofa, ya juyo a hankali, darakta James Whale ya matso da kyamara har fuskar ta cika allo. Can aka buɗe tagar rufin ɗakin, hasken rana ya sauko. Sai dodon ya ɗaga kai, ya miƙa hannuwa biyu sama yana son kama hasken. Aka rufe tagar. Hannuwan suka sauko suna rawa, a buɗe, yana roƙo ba tare da ya iya furta ko kalma ɗaya ba. Wallahi duk lokacin da na kalli wurin nan sai tausayi ya kama ni. Halitta ce da ba ta nemi a kawo ta duniya ba, wanda ya haɗa ta kuma ya guje ta. A ganina wannan tausayin ne ya raya finafinan. Tsoro yana tsufa, abin da ya sa 'yan kallo ihu a 1931 ba zai razana yaron yau ba. Amma wanda aka wulaƙanta saboda kamanninsa, kowane zamani ya san shi.

Haka lamarin yake ga sauran. Mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci a fim ɗin 1941, wanda Lon Chaney ƙarami ya fito a ciki, ba ya son abin da yake aikatawa, cuta ce ta same shi. King Kong na 1933, ƙaton goggon biri, ɗauko shi aka yi daga tsibirinsa aka kai birnin New York don a ci kuɗi da shi. Ko Godzilla da Japanawa suka yi a 1954, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, gwajin makamin nukiliya ne ya tashe shi daga teku. A watan Maris na shekarar ma, ƙurar gwajin da Amurka ta yi a tsibiran Bikini da ke tekun Pacific ta sauka a kan wani jirgin masuntan Japan. Mutanen da suka cika silima sun san abin da ake nuna musu. Kuma a cikin rigar roba mai tsananin nauyi da aka yi siffar Godzilla da ita mutum ne, Haruo Nakajima, yana gumi yana ɗaga ƙafa.

Darasi na biyu, wato kada a nuna wa mai kallo komai, ya fi wuyar karɓa ga mai kwalliya, domin kowa yana son a ga aikinsa. A fim ɗin The Mummy na 1932, labarin wata tsohuwar gawar Masar da ta farfaɗo, Pierce ya shafe kusan awa takwas yana naɗe Karloff da tsummoki, amma 'yan mintoci kaɗan aka nuna shi a haka. Ido ya buɗe a hankali, hannu ya zame daga ƙirji, sai jelar tsumma tana ja a ƙasa ta fice ta ƙofa, saurayin da ya gani yana ta dariyar hauka. Ba a nuna tafiyar gawar ba sam. Kamar Dodon tatsuniya ne, wanda kaka ba ta taɓa zana mana shi ba, amma kowannenmu ya kwana da nasa.

Yanzu idan darakta ya ce mini yana son aljani ko fatalwa, nakan fara da tambaya: "Ranka ya daɗe, me aka yi wa wannan halitta, kuma me take nema?" In ya ba ni amsa, na san inda zan sa duhu a fuskar da inda zan bari. Sau da yawa akan so in lafta jan fenti da dogayen haƙora a gama cikin minti ashirin saboda rana na faɗuwa a lokeshan. Nakan roƙi a ƙara mini lokaci, in rage fentin, in bar wa ɗan wasan idonsa da bakinsa ya yi aiki da su, sannan in nemi mai fitila ya haska gefe ɗaya kawai na fuskar.