Mai tsayuwa a goshin jirgi

Duk wanda ya ji na yi aiki a jirgin ruwa mai filafilai a Bur Sudan, labarin guguwa yake so in ba shi. Ni kuwa abin da ya fi hana ni barci a Bahar Maliya shi ne duwatsun murjani.

Baƙinmu yawanci 'yan Italiya ne masu nutso. Mukan kai su Umbriya, jirgin ruwan ƙasarsu da ma'aikatansa suka nutsar da gangan a 1940 don kada Ingila ta ƙwace bama-baman da ke cikinsa. Daga nan sai duwatsun murjani na Sanganib mai hasumiyar fitila, sai na Sha'ab Rumi, inda Cousteau, wani Bafaranshe mai binciken teku, ya kafa ɗakuna a ƙarƙashin ruwa a 1963. Su suna ƙasa suna kallon kifaye, mu muna sama muna cika tukwanen iska da wanke tukwanen abinci.

Aikin gaske yana wajen shiga mafaka. Kyaftin sai ya tura ni goshin jirgi, wani lokaci ma in hau sama, ba abin da nake yi sai kallon launin ruwa. Shuɗi mai duhu, akwai zurfi. Ya koma kore, a rage gudu. Ka hango ruwan ƙasa-ƙasa kuwa, dutse ne dab da cikin jirgi, sai ka ɗaga hannu ka kwarma ihu, ba maganar ladabi. Kuma sai rana tana sama ko tana bayanka. In ta yi yamma ta haske maka fuska, teku ta zama kamar faranti, ba ka ganin komai. Shi ya sa muke jefa anka tun kafin la'asar, baƙi na gunaguni wai an yanke musu yini. Taswira tana da amfaninta, amma ban taɓa ganin kyaftin mai hankali ya dogara da ita kaɗai a wannan gaɓar ba.

Iskar arewa ma ba ta raga wa kowa. Zuwa Sawakin, garin da ke kudu da Bur Sudan, daɗi, tana tura ka ta baya. Dawowa sai ka ji a jikinka.

Salla ce ta fi ba ni dariya. Makka tana tsallaken ruwa, arewa maso gabas, amma jirgin da ke kan anka juyawa yake yi da iska. Kukunmu yakan leƙa kamfas kafin ya tayar da kabbara, ya ce in jirgi ya juya bayan nan, kyaftin za a tambaya.