Baƙin man da ke ƙaruwa da kansa

'Yan uwa masu koyo, sallama. Wata na biyar ke nan da na sayi jirgin, kuma wannan karon labarin ba na fenti ba ne, na cikin injin ne. Ga wanda bai bi mu tun farko ba: siririn jirgin kanal ne irin na Ingila, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10, saboda ƙananan matakalar ruwa ta ƙasar, wato inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi tsakanin ƙofofi, faɗinta ƙafa 7 ne kacal. Injinsa Lister SR2 ne mai silinda biyu, ya girme ni, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Ranar da mai jirgin ya fara tayar mini da shi, abin da ya faɗo mini a rai injin niƙan unguwarmu ne da hantsi, yara sun jera kwanuka. Ba mamaki, domin kamfanin da ke garin Dursley shi ne uban wannan zuri'a, har da masu kama da shi da ake ƙerawa a Indiya. Ina jin ƙarar ce ta sa na biya kuɗin ban yi dogon ciniki ba.

Makonni uku da suka wuce na yi masa sabis na farko da hannuna. Na yi juye, na canja filtar gas, na wanke ƙasan ɗakin injin. Wanda ya taɓa canja filta ya san iska za ta shiga layin, dizal kuwa ba ya shiri da iska, sai an fitar da ita. A wannan injin kowace silinda da nata famfon, kuma suna ɓoye ne a bayan wata ƙofa ta gefe. Na kwance ƙofar, na sassauta noti, na yi ta danna hannun ƙaramin famfon da ke jawo gas daga tanki har kumfa ta ƙare, na ɗaure, na mayar. Bugu ɗaya ya tashi. Ranar kam har hoto na ɗauka da baƙin hannu.

Daga nan na bar Gas Street a tsakiyar Birmingham na kama kanal ɗin da ke gangarawa Worcester. Dokar gudu mil 4 ce a awa, in kuma za ka wuce jiragen da ke ɗaure sai ka rage har ƙasa, in ba haka ba ka sha harara ta taga. Kafin Selly Oak sau biyu farfela na naɗe leda. Alamar ba ta ɓuya: injin ya yi nauyi, sandar tuƙi ta riƙa rawa a hannu, jirgi ba ya gaba. Sai ka kashe, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka buɗe murfin da ke saman farfela, ka zura hannu har kafaɗa cikin ruwan da ya fi ƙanƙara ciwo. Abu ɗaya nake roƙonku a nan, ku mayar da murfin nan ku ɗaure shi tam. Farfela na iya watso ruwa ta nan har jirgi ya nutse.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kowace safiya ina zaro gejin mai kafin in tayar. Rana ta uku na ga man ya ɗan haura layin sama. Na ce wataƙila jirgin ne ya karkata, don na cika tankin ruwa. Rana ta biyar ya haura da faɗin yatsa guda. Gaskiya har wani daɗi na ji, wai ni mai sa'a, tsohon inji ba ya shan mai. A Alvechurch na ɗaure kusa da wani dattijon Bature da ya shekara sama da ashirin a kan ruwa, na ba shi labari ina murmushi. Bai yi dariya ba. Ya karɓi gejin, ya shinshina, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda. Muna tsaye muna kallo, baƙin ya tsaya a tsakiya, wani da'ira mai haske ya yi ta yaɗuwa a kewaye. Ya ce mini, ɗana, kada ka sake tayar da shi, gas ne ke zuba cikin manka.

Bari in tsaya a nan, don shi ne abin da na koya a watan nan. Baƙin mai ba ya haihuwa. In ya ƙaru, wani abu ne ya shiga: ko ruwa, ko gas. Injin da ba ruwa a jikinsa, amsar kusan ɗaya ce. Tunda famfuna da bututansu a cikin jikin injin suke, duk abin da ya tsiyaya ba za ka gan shi a ƙasa ba, kai tsaye yake gangarawa tukunyar mai. Man ya tsinke ya zama kamar shayi, ƙarfin da yake raba ƙarfe da ƙarfe ya ragu, a hankali a cinye ƙarafan da kirankishaf ke juyawa a kai. Mafi muni, in tukunyar ta cika sosai, injin na iya fara shan wannan haɗin a matsayin abinci. Lokacin ko ka ja abin kashewa ba zai saurare ka ba, gudu zai yi ta ƙarawa, sai dai a toshe masa hanyar iska, kuma ba da tafin hannu ba, da katako. Jin haka gwiwata ta yi sanyi, domin kwana ɗaya kafin nan na ratsa ramin Wast Hill, sama da mil ɗaya da rabi cikin duhu, babu gefen da mutum zai taka ya fita.

Wurare uku ya ce in duba: fatar ƙaramin famfon nan na tanki, siririn bututun da ke kwashe rarar gas daga nozul a ƙarƙashin murfin sama, da haɗin da ke jikin famfunan. Na buɗe duka, na goge ko'ina ya bushe, na naɗa takardar goge hannu a kowace mahaɗa, na riƙa danna famfon. Ba a yi minti biyu ba takardar silinda ta baya ta jiƙe. Daidai notin da na kwance. Washar jan ƙarfe ce, na mayar da tsohuwar maimakon sabuwa. Jan ƙarfe in an matse shi sau ɗaya yana taurare, ba ya sake kwanciya ya toshe. Ko dai ka sa sabuwa, ko ka gasa ta a wuta ta yi ja don ta yi laushi. Laifin ba na injin ba ne, ba na wanda ya sayar mini ba ne, gyaran gangar auzinawa na yi da hannuna. Abin da kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba ya ci mini sabon mai gaba ɗaya.

Na sake juye da ɗan famfon tagulla da ke gefen injin, na zuba tsohon a jarka zan kai wurin karɓar sharar ƙaramar hukuma. Yanzu na zana wa gejin alama da zarto, kuma kullum a yanayi ɗaya nake aunawa: da safe, inji a sanyaye. Kwana tara bai motsa ba. Alhamdu lillahi.

Sauran al'amura suna tafiya. Na saba da murɗa giris ɗin bututun farfela kowace yamma har ɗigon ya tsaya. Lasisina na Canal & River Trust, hukumar da ke kula da kanal, irin na marasa mazauni ne, ba a wuce kwana 14 a wuri ɗaya, don haka kalandata ta koma ta wurin ɗibar ruwa da wurin zubar da bayan gida. Wanka kuwa sai na dafa ruwa, injin iska ba ya ba ka ruwan zafi kyauta kamar na maƙwabta. Tankin gas ina barin sa a cike saboda sanyi ya kawo jiki, raɓa na taruwa a tankin da ya yi rabi, kuma a wannan ruwan ne ƙwayoyin da ke toshe filta suke yaɗuwa.

Gabana Tardebigge ce, matakala 30 a jere, mafi tsawo a ƙasar. Ƙanena ya yi alkawarin zuwa ran Asabar ya riƙa murɗa ƙofofi, bai san abin da ya amsa ba. Kafin nan zan duba jerin wuraren da hukuma ke rufewa don gyaran hunturu, in kuma sayo washa guda ashirin, kowane girma.